FASHIN BAƘI: Idan lauya ya zama jami'in zaɓe, wa ke da ikon tuɓe masa riga?

Lauyan da ya karɓi aikin zaɓe a Najeriya yana ɗauke da amana biyu ne. Ta farko ita ce rantsuwar da yake yi wa hukumar zaɓe cewa ba zai karkata ga kowane ɓangare ba. Ta biyu kuwa ta riga ta farko, domin tana wuyansa tun ranar da aka rubuta sunansa a kundin lauyoyi da ke Kotun Ƙoli. Idan ya karya ta farko, magana tsakaninsa da hukumar zaɓe ce da kotu. Ta biyun ce jama'a ba su cika sanin inda ake bin kadinta ba, alhali ita ce za ta iya raba shi da sana'arsa.

Wannan bayani ya tattaro abin da doka ta tanada, da abin da ya taɓa faruwa, da kuma abin da mai zaɓe a gari kamar Wudil zai iya yi da hannunsa.

Abin da ya faru a Yola

Babu misalin da ya fi na Adamawa fito da wannan batu fili. An yi zaɓen gwamna ranar 18 ga Maris, 2023, aka bayyana shi a matsayin wanda bai kammala ba. A lokacin Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri na PDP yana da ƙuri'u 421,524, Sanata Aishatu Ɗahiru Binani ta APC tana da 390,275. Aka sa ranar 15 ga Afrilu domin zaɓen cike giɓi a rumfuna 69.

Da safiyar Lahadi, 16 ga Afrilu, ana tsakiyar tattara sakamako, sai Kwamishinan Zaɓe na jihar, Barista Hudu Yunusa Ari, ya shiga zauren ya bayyana Binani a matsayin wadda ta yi nasara. Matsalar ita ce doka ba ta ba kwamishina wannan iko ba. Baturen zaɓe, wato jami'in da aka naɗa domin bayyana sakamako, shi ne mai ikon, kuma a Adamawa Farfesa Mohammed Mele na Jami'ar Maiduguri ne. A ranar hukumar INEC ta ce sanarwar ba ta da wani tasiri. Ranar 18 ga Afrilu aka ƙarasa tattarawa, aka bayyana Fintiri da ƙuri'u 430,861, Binani da 398,738.

Daga nan matakai suka biyo juna. Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da dakatar da Ari, 'yan sanda suka kama shi a watan Mayu, INEC ta shigar da tuhume-tuhume shida a kansa a Babbar Kotun Jihar Adamawa a watan Yuli. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, ƙarƙashin Yakubu Maikyau, ta sanar a wannan shekarar cewa ta kai ƙorafinsa gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi. A watan Fabrairu 2025 Majalisar Dattawa ta amince da buƙatar Shugaba Bola Tinubu ta sallamarsa, tare da takwarorinsa na Sakkwato da Abiya. Shi dai Ari ya sha nanata cewa bai saɓa wa doka ba, kuma sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar da akasin haka.

Abin lura a nan shi ne aiki ɗaya ya buɗe ƙofofi uku: ta ma'aikata, ta kotu, da ta sana'a. Kowacce da mai tsaronta, da ƙa'idarta, da iyakarta.

Ƙofa ta farko: raba shi da muƙami

Shugaban ƙasa ne ke naɗa kwamishinan zaɓe na jiha, Majalisar Dattawa ta tabbatar, wa'adinsa shekara biyar. Kundin tsarin mulki na 1999 bai ce dole ya zama lauya ba. Abin da ya shar'anta shi ne ya kasance mutum mai riƙon gaskiya, wanda ba ɗan jam'iyya ba. INEC na iya janye masa ikon aiki ko ta hana shi shiga ofis, amma ba ta da ikon korarsa. Sai shugaban ƙasa, da goyon bayan kashi biyu bisa uku na sanatoci. An yi wannan katanga ne domin kada mai mulki ya riƙa tsige duk kwamishinan da ya ƙi yi masa biyayya. Sai dai katangar da ke kare mai gaskiya ita ce kuma ke jawo jinkiri idan an zo kan wanda ake zargi. A batun Adamawa, an ɗauki kusan shekara biyu tsakanin dakatarwa da sallama.

Haka tsarin yake a jiha. Hukumar zaɓe ta Jihar Kano, KANSIEC, wadda ke shirya zaɓen shugaban Ƙaramar Hukumar Wudil da kansilolinta, gwamna ne ke naɗa shugabanninta, kuma ba ya cire su sai da amincewar kashi biyu bisa uku na Majalisar Dokokin jiha.

Ƙofa ta biyu: hukuncin laifi

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta fayyace laifuffukan jami'ai. Sashe na 120 ya tanadi tarar da ba ta wuce Naira 500,000 ba, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun, ga jami'in da ya saɓa wa aikinsa ba tare da uzuri na shari'a ba. Wanda ya bayyana sakamako yana sane da cewa na ƙarya ne, ɗaurin wata 36. Sashe na 64 kuma ya ce baturen zaɓe ko mai tattara sakamako da ya tattara ko ya bayyana na ƙarya da gangan zai biya tarar Naira miliyan 5, ko ɗaurin aƙalla shekara uku, ko duka biyun. Ana yin shari'ar a kotun majistare ko babbar kotun jihar da aka aikata laifin, INEC ce kuma mai gabatar da ƙara.

Wannan ƙofa ta taɓa buɗuwa. A watan Maris 2021 Babbar Kotun Akwa Ibom ta ɗaure Farfesa Peter Ogban na Jami'ar Kalaba shekara uku saboda sauya alƙaluman zaɓen sanata na 2019. A Fabrairu 2025 aka yanke wa Farfesa Ignatius Uduk na Jami'ar Uyo irin wannan hukunci. Dukansu ba lauyoyi ba ne, amma wanda ya tsaya kai da fata har aka gurfanar da su lauya ne, wato Mike Igini, kwamishinan zaɓe na jihar a lokacin. Ke nan rigar lauya ba ita ke yin mutum ba. Sana'a ɗaya ta fitar da wanda ake tuhuma da wanda ya kai wasu gaban alƙali.

Ƙofa ta uku: ladabtarwar sana'a

Dokar Aikin Lauya ta 1975, da gyare-gyaren da aka yi mata, ita ce ta kafa Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wanda aka fi sani da LPDC. Kwamiti ne na majalisar dattawan sana'ar, wadda ita ce ke rantsar da sababbin lauyoyi bayan sun kammala makarantar horar da lauyoyi, kamar reshenta na Bagauda da ke nan Kano. Yana zama a Abuja, kuma ya ƙunshi alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara, da manyan alƙalan jihohi, da antoni-janar, da wakilan NBA. Mutane da dama na zaton NBA ce ke korar lauya. Ba haka ba ne. NBA na iya kai ƙorafi, amma kwamitin ne ke yanke hukunci.

Doka ta ambaci dalilai huɗu da za a hukunta lauya a kansu. Na ɗaya, aikata abin kunya a fagen sana'a. Na biyu, idan wata kotu a Najeriya mai ikon ɗauri ta same shi da laifin da bai dace da matsayin lauya ba. Na uku, idan ta hanyar zamba ya shiga kundin lauyoyi. Na huɗu, halin da bai kai abin kunya na sana'a ba amma bai dace da darajar lauya ba. Na biyu da na huɗu su ne suka fi shafar jami'in zaɓe, domin babu inda suka ce sai lauya yana tsaye gaban alƙali ko yana wakiltar wani kafin a kama shi.

Ƙa'idojin Ɗa'ar Aikin Lauya sun ƙara wa wannan ƙarfi. Ƙa'ida ta ɗaya, a kundin 2007 da kuma na 2023 da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2024, ta wajabta wa lauya kiyaye bin doka, da taimaka wa adalci, da nisantar duk halin da bai kamaci lauya ba. Ba ta ware lauyan da ke riƙe da muƙamin gwamnati ba. Don haka masu neman a hukunta irin wannan jami'i ke cewa wanda ya karanci doka ba zai fake da rashin sani ba. Idan mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, laifinsa ya fi na sauran nauyi.

Hukuncin da kwamitin ke iya yankewa iri uku ne: ya umarci magatakardan Kotun Ƙoli ya soke sunan lauya daga kundi, ko ya dakatar da shi na wani lokaci, ko ya yi masa gargaɗi. Wanda aka soke sunansa ba zai ƙara tsayawa wa kowa a kotu ba, ba zai sa hannu a takardar shari'a da sunan lauya ba. Idan mai lambar Babban Lauya ne, wato SAN, akwai wani kwamiti na daban ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Najeriya da ke da ikon dakatar da lambar ko janye ta.

Abin da kwamitin ba zai iya ba

Ya kamata matasa su fahimci iyakar wannan hanya, domin kada su sa rai inda babu. Kwamitin ba ya ɗaure mutum. Ba ya soke zaɓe, ba ya mayar wa ɗan takara kujerarsa. Wannan aikin kotun ƙararrakin zaɓe ne, wadda sashe na 285 na kundin tsarin mulki ya ba kwana 21 domin shigar da ƙara bayan bayyana sakamako, da kwana 180 domin yanke hukunci. A zaɓen 2023 kuma, sashe na 65 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ba INEC kwana bakwai ta sake duba sakamakon da aka bayyana bisa tilas ko ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya bar waɗannan ranaku suka wuce yana jiran kwamitin ladabtarwa, ya yi asarar kujerar.

Amfanin kwamitin yana wani wuri ne. Muƙamin zaɓe na ɗan lokaci ne, sana'a kuwa ta tsawon rai ce. Mutumin da zai iya sayar da muƙamin shekara biyar zai yi dogon tunani kafin ya sayar da abin da zai ci abinci da shi har tsufa.

Dalilin da ya sa hanyar ke da wuya

Matsala ta farko ita ce ko sai kotu ta gama kafin kwamiti ya fara. A shari'ar Denloye ta 1968, wadda ta shafi likita, da ta Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986, Kotun Ƙoli ta tsaya a kan cewa zargin aikata laifi kotu ce kaɗai ke da hurumin yanke shi. Amma a shari'ar Ndukwe ta 2007 kotun ta nuna cewa kwamitin lauyoyi na iya hukunta saɓa wa ɗa'ar sana'a ba tare da jiran shari'ar laifi ba, matuƙar abin da aka tuhumi lauyan da shi rashin ɗa'a ne. Saboda haka yadda aka tsara ƙorafi na da muhimmanci ƙwarai. Wanda ya rubuta cewa jami'i ya ci hanci ya shiga fagen kotu. Wanda ya rubuta cewa lauya ya yi aikin da doka ta keɓe wa wani yana sane, ya fi kusa da fagen kwamiti.

Ta biyu ita ce haƙƙin sauraron kowane ɓangare. A 1985 Kotun Ƙoli ta ba Gani Fawehinmi gaskiya a kan kwamitin, saboda ofishin Antoni-Janar ne mai ƙorafi kuma shi ne ke shugabantar zaman. A 2015 kwamitin ya soke sunan Kunle Kalejaiye, mai lambar SAN, bisa zargin tuntuɓar shugaban kotun ƙarar zaɓen gwamnan Osun a asirce ana tsakiyar shari'a. A 2019 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, domin mambobin da suka saurari shaidu ba su ne gaba ɗaya suka yanke shi ba. Darasin a bayyane yake: hukuncin da aka yi cikin gaggawa ko sakaci ba ya tsayawa, ko da zargin ya girgiza jama'a.

Ta uku ita ce halin 'yan sana'a ɗaya. Wanzami ba ya son jarfa. Lauyoyi da alƙalai ne ke zaman hukunta lauyoyi, kuma manyan shari'o'in zaɓe na daga cikin ayyukan da suka fi kawo wa manyan lauyoyi kuɗi. Duk da haka akwai lokutan da aka taɓa manya. Michael Aondoakaa, Antoni-Janar na Tarayya a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, an dakatar da lambarsa ta SAN a 2010. A Disamba 2021 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin cewa bai cancanci riƙe muƙamin gwamnati ba, saboda amfani da ofishinsa wajen hana aiwatar da hukuncin kotu kan kujerar ɗan majalisar tarayya ta Uyo bayan zaɓen 2007. An shafe shekara goma sha ɗaya tsakanin hukuncin farko da na ƙarshe.

Ta huɗu ita ce nauyin da ke kan INEC, wadda ke shirya zaɓe kuma take gurfanar da masu laifi, har da ma'aikatanta. Bayan zaɓen 2023 ta ce 'yan sanda sun miƙa mata fayil 215, sai da ta nemi lauyoyin NBA su taimaka mata kyauta. Tun a 2008 kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar kafa hukuma ta musamman domin laifuffukan zaɓe.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Ƙasashe da yawa na danƙa zaɓe a hannun masana shari'a. A Jamhuriyar Nijar, Maître Issaka Souna, lauya, shi ne ya shugabanci hukumar CENI a zaɓen 2020 da 2021. A Ghana an cire Charlotte Osei, ita ma lauya, daga shugabancin hukumar zaɓe a 2018 bayan binciken kwamitin da Alƙaliyar Alƙalai ta kafa kan bayar da kwangila. A Malawi Mai Shari'a Jane Ansah ta yi murabus a 2020 bayan kotu ta soke zaɓen shugaban ƙasa na 2019. A Amurka an soke lasisin Rudy Giuliani a New York a 2024 saboda yaɗa ƙarya kan zaɓen 2020, duk da cewa shi lauyan ɗan takara ne, ba jami'in zaɓe ba. A Najeriya ma, daga Mai Shari'a Ephraim Akpata, shugaban INEC na farko a 1998, zuwa Farfesa Joash Amupitan, SAN, da aka rantsar a Oktoba 2025, masana shari'a ba baƙi ba ne a kan wannan kujera.

Inda abin ya shafi Wudil

Mai karatu na iya zaton wannan magana ce ta Abuja da manyan kwamishinoni. Amma sakamako ba daga sama yake farawa ba. A Ƙaramar Hukumar Wudil, ƙuri'ar da aka ƙirga a rumfa tana zuwa cibiyar tattarawa ta ɗaya daga mazaɓu goma, irin su Utai, Darki, Indabo, Lajawa da Achika, daga nan zuwa cibiyar ƙaramar hukuma, sannan ta wuce birnin Kano idan zaɓen gwamna ne. Kujerar ɗan majalisar tarayya ta Wudil da Garko kuwa baturen zaɓen mazaɓar ne ke bayyana ta.

A kowane mataki ana iya samun lauya. Shugaban rumfa galibi ɗan bautar ƙasa ne, kuma lauyoyi kan yi bautar ƙasa bayan an rantsar da su. Masu tattara sakamako galibi malaman manyan makarantu ne, cikinsu har da masu koyar da shari'a. Wudil kanta gari ne na ilimi, mai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda, wadda ke da sashen koyar da shari'a. Jam'iyyu ma kan tura lauyoyi a matsayin wakilai a zauren tattarawa. Duk wanda sunansa ke cikin kundin lauyoyi, ƙa'ida ɗaya ce ke kansa, ko a rumfar Kausani yake ko a hedikwatar hukumar.

Yadda ake kai ƙorafi

Ƙa'idojin kwamitin na 2020 sun ba duk wanda abin ya shafa damar kai ƙorafi, ba sai ɗan takara ko lauya ba. Ana rubuta shi ne tare da takardar rantsuwa da hujjoji. Ana iya miƙa shi ta ofisoshin da aka ambata, cikinsu har da na shugaban NBA na ƙasa ko na reshe, kamar reshen Kano da na Ungogo, da na Babban Jojin jiha, da na Antoni-Janar. Za a fara duba ko akwai abin da lauyan zai amsa, sannan a ba shi damar kare kansa.

Hujja ita ce komai. Doka ta wajabta wa shugaban rumfa ya ƙirga ƙuri'u a fili, ya rubuta sakamako a fom, ya sa hannu, ya ba wakilan jam'iyyu kwafi. Hoton wannan fom, da hoton takardar da aka manna a rumfa, da bidiyon da ke nuna wuri da lokaci, da sunayen shaidun da suka gani da idonsu kuma suka yarda su yi rantsuwa, su ne ke riƙe ƙorafi. Jita-jitar majalisa da saƙon da aka turo ta WhatsApp ba sa tsayawa. A kuma kiyaye abu biyu: rantsuwa a kan ƙarya laifi ne mai hukunci, kuma ambaton sunan mutum a Facebook da zargin da ba a iya tabbatarwa na iya jawo ƙarar ɓata suna.

Aikin matasa bai tsaya ga ranar zaɓe ba. Sunayen waɗanda za a naɗa kwamishinonin zaɓe suna zuwa gaban Majalisar Dattawa kafin a tabbatar da su, kuma ƙungiyoyi sun sha rubuta koke a wannan mataki. Mutumin Wudil na da sanatan Kano ta Kudu da zai iya tambaya yadda ya yi da ƙuri'arsa. Hana wanda bai cancanta ba hawa kujera ya fi sauƙi a kan sauke shi, kamar yadda shekara biyun Adamawa da shekara goma sha ɗayan Uyo suka nuna. Rigakafi ya fi magani, amma idan cutar ta riga ta shiga, ya kamata a san cewa ƙofofin uku ne, kuma ta ukun a buɗe take ga kowane ɗan ƙasa mai hujja a hannu.